Ɗaura sufacaja a kan babur Suzuki Hayabusa

Injin Hayabusa ƙirar 2008 cc 1340 ne, matsinsa (yawan matse iska da fetur da fistan ke yi a cikin silinda) 12.5:1. Wannan matsin ne ke yanke hukunci: muddin ba a sauya fistan ba, kada matsin iskar da sufacaja (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi) ke turawa ya wuce psi 6 zuwa 7. Ka zarce haka da fetur mara kyau, inji zai fara ƙwanƙwasa, fistan ya narke.

An fi amfani da sufacaja ƙirar Rotrex, wanda bel ke juyawa daga karanshaf. Man Rotrex daban yake, da tankinsa da matacinsa. Kada ka kuskura ka zuba masa baƙin man inji, zai lalace. Ka daidaita bakin fulin biyu da bel ke hawa, na karanshaf da na Rotrex, sosai, in ba haka ba bel ya yi ta zamewa yana zubar da baƙin gari.

Ƙarin iska na son ƙarin fetur: manyan injekta, famfon fetur mai ƙarfi, sannan a sake saita ƙwaƙwalwar babur (kwamfutar da ke sarrafa fetur da wuta) a kan injin gwaji. Nan ne masu rowa ke tafka asara. A sa sifirin kuloci masu tauri, a ɗan rage tazarar bakin filogi.

A titi kuwa, ƙasa da juyin inji 4,000 a minti kusan babu bambanci. Daga nan ƙarfin yake hauhawa tare da juyin inji, ba ya zuwa bagatatan irin na tabo (na'urar cusa iska da hayaƙin salansa ke juyawa), shi ya sa na fi yarda da shi a kwana. Amma a giya ta biyu tayar gaba na tashi da murɗa totur kaɗai, tayar baya da sarƙa kuma ba sa daɗewa.