Wasiƙa daga Manchester: ina yara suke zuwa idan duhu ya yi?

Jama'ar gida, assalamu alaikum. Gaisuwa ta isa kowa, babba da yaro.

Tun dawowata daga hutun bara ake ta jefo mini tambaya ɗaya a waya: wai yaranmu na nan ina suke zuwa in an tashi daga makaranta, tunda babu dandali, babu majalisar ƙofar gida? Na yi alkawarin amsawa, haɗe da maganar kuɗin haya da ta abinci. Bari in fara da ta yaran.

A watan Disamba, kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, sanyi kuma sai ka ce ana soka maka allura a kunne. Ba mai zaman benci a waje. To, akwai gidajen kulob na matasa, inda yaro zai buga ƙwallo, ya koyi dambe, ya yi aikin makaranta, wani lokacin har ya ci abinci mai zafi.

Asalinsu ne ya ba ni mamaki. Ashe Manchester ma ta yi nata 'yan dabar. Daga wajen 1870 har zuwa ƙarshen ƙarnin, samarin unguwannin masaƙu sun kasu gida-gida, kowace daba da sunan layinta, ana kiransu scuttlers. Da wuƙa suke faɗa, da bel mai kan ƙarfe. Alƙalai suka yi ta ɗauri, abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Sai masu hali da mutanen coci suka shiga gina wa yaran gidajen kulob. Wanda na fi sani shi ne Salford Lads' Club, a unguwar Ordsall. Wasu 'yan'uwa biyu masu kamfanin giya, James da William Groves, suka kafa shi a 1903, Baden-Powell kuma ya buɗe shi a 1904, tun bai ƙirƙiro sikawut ba. Ginin jan bulon yana nan, yara na shiga. A 2024 saura ƙiris a rufe shi, sai da jama'a suka yi karo-karo na fam 250,000.

Gwamnati ta shigo da ƙarfinta bayan rahoton da kwamitin Albemarle ya fitar kan kula da matasa a 1960, aka gina cibiyoyi, aka horar da ma'aikata. Daga 2010 aka tsuke bakin aljihu, da yawa suka rufe. Sababbin da ake kira Youth Zone, kamar na Harpurhey da na Gorton, fam 5 ne rajistar shekara, rabin fam kuma duk shiga.

Yanzu ga abin da ya ƙona mini rai. Na je wani ƙaramin kulob na unguwarmu, na ce zan riƙa koya wa yara ƙwallo kyauta, fisabilillahi. Na zaci za a ce Allah ya saka. Takardu aka tura mini. A kawo adireshin duk gidan da na zauna cikin shekara 5. Gidanmu na Kano kuwa kwatancensa "bayan masallacin Juma'a, daura da mai shayi", kwamfuta ta ce ba ta san wannan ba. A kawo mutum biyu masu tsaya mini. A binciki ko an taɓa kama ni da laifi. A zauna kwas kan kare yara: kar ka keɓe da yaro kai kaɗai, kar ka rage masa hanya a motarka, kar ka ɗauke shi hoto sai da iznin iyaye. Sati da satuttuka ina jira, takalman ƙwallona na shan ƙura. Na yi mita har uwargida ta gaji da ji.

Ranar da na kai ɗana wurin, na miƙa shi ga wani Bature da ban san ubansa ba, na juya na tafi hankalina kwance, sai na daina mitar. Na tuna filinmu na unguwa a Kano, inda duk wanda ya sayi ƙwallo da usur ya zama koci, ba mai tambayar daga ina ya fito. Ƙungiyoyin samarinmu ba su rasa zuciya ba, su ke yashe kwata, su ke gadin dare. Da masu kuɗin unguwa za su ba su ɗaki ɗaya mai wuta, da littafin rajista, da dattijo mai riƙe mabuɗi, da an ga aiki.

Kuɗin haya kuwa, ku dai taya mu da addu'a. Maganar abinci sai wani jiƙon, yanzu ƙarfe biyar ta yi, yara na jirana a fili.

Naku,
Ɗan'uwanku a Manchester