Ɗakin Ɗan Wani a Haidarabad

Ɗakin da na kama haya a unguwar Tolichowki ba don 'yan haya aka gina shi ba, ɗakin ɗan mai gidan ne. Littattafansa na injiniya suna nan jere a kanta, sandar wasan kurket ɗinsa tana jingine bayan ƙofa. Da dattijon zai miƙo mini makulli sai ya ce komai in yi amfani da shi, ban da littattafan, mai su zai dawo. A lokacin shekarar mai su tara a birnin Shikago na Amurka.

A 2016 na zo karatun haɗa magunguna. Kamar duk wanda ya tashi a Kano yana kallon fina-finan Indiya, na ɗauka na san ƙasar. Ashe ko yaren da na ɗan tsinto a fim ba shi ne na jihar ba. Telangana, wadda aka cire daga Andhra Pradesh a 2014, Telugu take yi, sai Urdu a tsohon gari da unguwanni irin tamu. Abin da na gane tun ranar farko shi ne Adaidaita Sahu, don su ke ƙera mana ita. Rigimar kuɗin mota ma iri ɗaya ce, sai dai direban nan kaɗa kai yake yi, ka rasa ya yarda ne ko ya ƙi.

Mai gidan ya ce in riƙa kiransa "chacha", wato baffa. Na daɗe kafin bakina ya saba da kiran dattijo mai furfura da sunan caca. Shi kuma "beta" yake ce mini, ɗana. Na zaci baki ne kawai, sai daren 8 ga Nuwamba, da Firaminista Narendra Modi ya soke takardun rupi 500 da 1,000. Kuɗin hayata da na cefanena duk a cikinsu suke. Na sauko da safe ina kame-kame, ya ɗaga mini hannu ya ce, "Beta, ci abinci tukuna." Kusan mako uku a tabarmarsu nake cin shinkafa da miyar wake. Da aka yi canjin kuɗi a gida a 2023 'yan uwa suna kira suna kuka, ni na riga na san wannan layin bankin.

A kasuwa na tsinci gida. Wata tsohuwa ta baza ganye a kan buhu, na ɗauka na shinshina, na ɗan tauna. Yakuwa! Su "gongura" suke ce mata, kuma mutanen Telugu ba sa wasa da ita. Ga kuɓewa, ga tsamiya, ga dawa da gero. Ranar na tuƙa tuwon semo na yi miyar yakuwa, matar mai gidan ta ɗanɗana ta ce babu laifi, amma wa ya hana ni barkono.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne tambayar da 'yan ajinmu suka yi ta yi mini: me ka zo yi nan? Ni a wurina Indiya ce ƙasar waje, mahaifina gona ya sayar na zo. Su kuma kusan kowa takardun fita yake haɗawa. In ka je unguwar Ameerpet za ka ga allunan makarantun koyon kwamfuta sun rufe benaye har ba ka ganin taga, matasa suna ta shiga da fita tun da sassafe. Kowace uwa ta san Satya Nadella, ɗan garin nan da ya zama shugaban Microsoft a 2014, kuma da shi ake auna 'ya'ya. Ko a maganar aure, saurayi mai biza daban ake kallonsa.

Wani abokina Bahinde ya ɗauke ni a babur zuwa Chilkur, bayan gari, wurin bautar da suke kira na biza. Mai nema yakan kewaya sau 11, in buƙata ta biya ya dawo ya yi 108. Na tsaya a waje ina shan ruwan kwakwa, ina kallon samari da iyayensu suna tururuwa. Na so in yi dariya, sai na tuna saukar Alƙur'ani da sadakar ƙosai da Inna ta yi kafin tawa bizar ta fito, na kama bakina.

Akwai ranar da na shiga unguwar A.C. Guards, inda jikokin sojojin dawakin Afirka na sarkin Haidarabad suke zaune. Na ga wani mutum baƙi kamar ni, gashi irin nawa, na yi masa sallama da murna kamar na ga ɗan garinmu. Ya amsa, ya ci gaba da Urdu zalla. Na tambaye shi asalinsa, ya nuna ƙasa da yatsa ya ce nan.

Mai littattafan ya zo hutu a Disambar 2018 da matarsa da yara biyu. Na ce zan tashi in bar masa ɗakinsa, ya ce a'a, sun kama otal saboda yaran. Mutumin kirki ne, har turare ya kawo mini. Amma ruwan gora yake sha a gidan ubansa, yaran kuma kakarsu tana yi musu Urdu suna mayar mata da Turanci. Ni na nuna masa inda ake hawa jirgin ƙasan cikin gari da aka buɗe a 2017, ni na gaya masa mai shayin da yake nema ya rasu. Ya leƙa ɗakin sau ɗaya, ya shafa sandar kurket ɗin, ya ce in ina so in ɗauka.

Da suka koma, tsohuwar ta hau sama da tsumma ta goge littattafan ɗaya bayan ɗaya, ta mayar da kowanne inda yake. Sannan ta tambaye ni ko na kira Inna a makon nan.