Abin da ra'ayin masu kallo ya koya mini game da fushin hanya

A makarantar koyon tuƙi da nake koyarwa a nan Maraɗi, akwai darasin da littafin dokokin hanya bai ɗauke da shi ba, wato abin da direba zai yi idan wani direban ya ƙullace shi ya biyo bayansa. Littafin ya yi bayanin alamomi da tazara da wanda ke da haƙƙin fara wucewa, amma ya ɗauka cewa duk mai riƙe da sitiyari yana cikin hayyacinsa. Domin cike wannan giɓi ne na soma nuna wa ɗalibaina wani tsohon fim na talabijin mai suna Duel bayan darasin yamma, ina fassara musu ƴan maganganun da ke cikinsa, sa'an nan in saurari ra'ayinsu. Steven Spielberg ne ya ba da umarninsa a 1971 don tashar ABC ta Amurka, yana da shekara 24 a duniya. Labarin wani ɗan kasuwa ne da ya wuce wata tsohuwar tankar mai a hanyar Kalifoniya, daga nan direban tankar ya yi ta bin sa yana neman hallaka shi, kuma har fim ɗin ya ƙare ba a nuna fuskar direban ba, sai hannunsa da takalmansa.

Babban abin da na fahimta shi ne, kowane mai kallo daga kujerar da ya saba zama a kan hanya yake kallon fim ɗin, kuma da wannan ra'ayin zai riƙe sitiyari ranar da ya karɓi permi, wato lasin tuƙi.

Yaran mota da suka daɗe suna bin kamiyo tsakanin Maraɗi da Ƙonni, ko ta Ɗan Isa zuwa Jibiya, sukan fara da goyon bayan mai tanka. A ganinsu mai ƙaramar motar ne ya ja wa kansa, domin ya raina babba, kuma sun gaji da ƙananan motocin da ke shan gabansu su taka birki, alhali mota mai lodi ba ta tsayawa nan take. Wannan kokensu gaskiya ne, ina kuma amfani da shi wajen koya wa sauran ɗalibai dalilin barin tazara mai yawa kafin a koma gaban babbar mota. Sai dai sukan zarce daga fahimtar fushin zuwa halatta abin da ya biyo bayansa, kuma na lura cewa gardama ba ta sauya musu ra'ayi. Abin da ke sauya shi wani wuri ne a cikin fim ɗin, inda mai tankar ya fito da hannu ta taga ya yi wa na baya alamar ya wuce, alhali ya hango mota tana tahowa daga gaba. Duk wanda ya bi hanyar Tasawa ya san cewa idan direban kamiyo ya ba ka alamar wucewa, ranka ka damƙa masa, tunda shi ke ganin gaba, kai kuwa bayan motarsa kawai kake gani. Wani daga cikinsu ya ce mini: “Malam, wannan ba direba ba ne, maci amana ne.” Tun daga lokacin nakan tsayar da fim ɗin a daidai wurin, in tambaye su a ina ɓacin rai ya ƙare, a ina kuma niyyar kisa ta soma.

Ƴan kabu-kabu kuwa matsoraci suke kiran mai ƙaramar motar. Sukan ce da su ne, da sun tsaya an yi ta ta ƙare, kuma a garin nan ba a rufe minti biyu ana cacar baki jama'a ba su taru ba, wani dattijo ya ce a yi haƙuri. Haka ne a bakin babbar kasuwa ko a tasha, amma a dajin da ke tsakanin Gidan Rumji da Madawa da tsakar rana babu dattijon da zai raba ku. Fim ɗin ma ya nuna inda tunkarar mutum cikin fushi ke kaiwa, domin da ɗan kasuwar ya shiga wani gidan abinci ya zargi wanda yake zaton shi ne mai tankar, ashe ba shi ba ne, ya sha duka a banza.

Ra'ayin da ya fi sauya yadda nake koyarwa daga mata ya fito, kuma ba su cika faɗinsa a gaban maza ba sai an tashi. Su ba su ɗauki fim ɗin a matsayin rikicin direbobi ba. Abin da suka gani shi ne mutumin da idonsa ba ya barin madubi, wanda duk inda ya tsaya sai ya tarar ana jiransa, wanda kuma ya faɗa wa mutane halin da yake ciki suka yi masa kallon mai taɓin hankali. Wata ma'aikaciya da ke hawan babur zuwa aiki ta bayyana mini yadda wani ya riƙa bin ta daga wurin aikinta, yana rage gudu idan ta rage, yana juyawa duk kwanar da ta juya, har ta daina bin hanya ɗaya kwana biyu a jere. Da ta faɗa a gida, sai aka ce mata wataƙila sonta yake yi. Wannan amsa ta dame ni ƙwarai, domin wanda ake bi bai san abin da ke zuciyar mai binsa ba, kuma tsoron da yake kwana da shi cuta ce ko da ba a taɓa jikinsa ba. Saboda waɗannan mata ne na ƙara wani sashe a darasina: wanda ya ga ana bin sa kada ya nufi gida ya nuna wa mai binsa ƙofarsa, kada ya sauka a wurin da babu kowa, ya nufi ofishin ƴan sanda ko shingen jandarma ko gidan mai da ke da jama'a, ya riƙe lambar motar, ya kira 17, lambar ƴan sanda, idan ya sami wurin tsayawa.

Wani bakanike da ya zauna tare da mu ya lura da abin da ya wuce kowa. Tun a farkon fim ɗin ma'aikacin wani gidan mai ya gaya wa ɗan kasuwar cewa tiyon lagiretonsa na buƙatar canji, ya yi biris, kuma wannan tiyon ne ya fashe masa a kan hawa lokacin da ya fi buƙatar motar.

Inda nake saɓa wa yawancin masu kallo shi ne ƙarshen fim ɗin, lokacin da tankar ta faɗa kwazazzabo ɗakin ya ɗauki tafi. Na san daɗin ganin azzalumi ya gamu da gamonsa, amma ina tsoron abin da matashi zai ɗauka daga nan, wato cewa gudu da dabara ne suka cece shi. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa, saboda haka waiwaye ɗaya na daƙiƙa biyu tafiyar mita 50 ce ba tare da an ga amalanken shanu ko yaron da ke tsallakawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma nahiyarmu ce ta fi yawan mace-mace idan aka auna da yawan jama'a. Shi ya sa washegarin kallo, idan muka fita atisaye a kan titi wani ya matsa mana da oda daga baya, nakan sa ɗalibin ya sassauta, ya koma dama, ya ɗaga hannu ya bar shi ya wuce. Matasa da dama suna yin hakan fuska a murtuke, wasu ma sukan ce mini an raina su, ni kuwa ba na barin ɗalibi ya je jarrabawar permi sai na ga ya iya yin sa ba tare da na buɗe baki ba.