Masu kawo tuwo sun yi yawa, mai kwana ake nema

Gidan da nake kwana a nan Tawa ba shi da allo a ƙofa. Tsohon gidan ƙasa ne da wani alhaji ya bari sadaka, matan unguwa masu adashi suka yaɓe shi, suka tattaro tsofaffin matan da ke kwana su kaɗai. Ni ce ke zama da su dare da rana. Ba a biyana ko dala, tukunyarmu ɗaya, shimfiɗata na bakin ƙofar ɗakin wadda ta fi jin jiki.

Da na fara, wata gwaggona ta same ni har gida. Ta ce, "Ke ɗiyar nan, mu Nasara muke da za mu kai uwayenmu ajiya?" Ban musa mata ba, gwaggo ce. Amma duk wanda ya san Adar ya san biɗa. Da can namiji kan tafi bayan girbi ya dawo kafin shuka. Yanzu sai ya share shekaru a Abijan ko Legas, wasu Libiya, wasu Aljeriya. Ɗiya mata suna ɗakunan mazajensu a wani gari. Ba wai sun yar da iyayen ba ne, kuɗi na zuwa ta Nita ko Al Izza, wani lokaci da kauri. Sai dai kuɗin ba sa tashi ƙarfe 3 na dare su riƙe tsohuwa zuwa makewayi. Kuma a ƙasar da wajen rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba, waɗanda suka haura 65 kuwa ba su cika kashi 3 cikin 100 ba, hankalin kowa na kan yara.

Rana ba ta da wuya. Ranar Juma'a kwanonin sadaka kan yi mana yawa har mu miƙa wa almajirai.

Dare ne aikin. Akwai Inna guda da hawan jini ya shanye mata ɓarin dama, ba ta iya juyawa da kanta. Ma'aikacin likitar unguwarmu ya koya mini in riƙa juya ta kowane awa 2, in duba ƙugu da duddugen ƙafa da ƙashin gindin baya, wuraren da ƙashi ke danne fata. In wuri ya sake launi ko ya yi zafi, gyambon kwanciya ne ke sallama, kuma ba a murza shi, ɗauke masa nauyi ake yi da matashi. Zane in ya jiƙe a canza shi nan take. Wannan gyambo in ya buɗe a jikin tsoho yakan yi watanni, yakan ma tafi da mutum. Kunu kuma ba na ba ta sai na zaunar da ita sosai, cokali-cokali, don haɗiya na yi mata wuya, in ta sarƙe yana iya gangarawa huhu. Wayata ce ke tashe ni. Yanzu jikina ya saba, ina rigan ta farkawa.

Wadda ta fi cin raina ita ce tsohuwar da aka kawo daga wajen Keita. Da rana lafiya lau, har tana taya mu tsince zogale. Da magariba ta gabato sai ta ɗaure ƙunshinta ta nufi ƙofa. "Bari in tahi gida, awaki ba su shiga ba." Awakin nan sun ƙare tun farin 1984. A wurinta har yau Kunce ne ke mulki, kuma kullum sai na tsinci tuwo a ƙarƙashin matashinta, tana ɓoye wa yaran da yanzu suke da jikoki. A ƙauyensu an fara raɗe-raɗin ko iska ce, wasu har sun ambaci maita, abin da ya sa aka ɗauko ta ke nan. Gigin tsufa ne, ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma masu shi da yawa sun fi rikicewa da faɗuwar rana. Ba na ce mata awaki sun mutu, don duk faɗa sabon mutuwa ce a gare ta. Nakan ce, "To Inna, mu yi salla tukuna, sai in raka ki." Kafin a sallame ta manta. Tuwon kuwa nakan bari sai ta yi barci in ɗauke, in ajiye mata dabino a wurin.

Afrilu da Mayu wata jarrabawar ce. Zafi na wuce digiri 40, wuta na ɗaukewa, dukanmu a tsakar gida muke kwana. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, sai jiki ya bushe bai nemi ruwa ba, wasu kuma da gangan suke ƙin sha don kada su tashe ni da dare. Wannan kara tasu ta fi komai ba ni tsoro. Nakan dama hura da ruwa-ruwa in bi su da ludayi. Da azumi sai da liman ya zo da kansa ya gaya wa mai ciwon suga cewa Allah ya ɗauke mata, a ciyar a madadinta, sannan ta yarda. Ni da na faɗa, cewa ta yi yaushe aka haife ni.

Wanka sai da dabara. Matar da ta aurar da ɗiya, ta wanke jikoki, ba ta son yarinya ta ga tsiraicinta. Wasan kaka da jika ne ya cece ni. "Kishiya, tashi in wanke ki, kada maigida ya ce na bar ki da dauɗa." Sai ta harare ni ta ce, "Ke da ba ki iya ko damu ba?" Tana zagina ina cuɗa ta, zane na rufe da inda ban kai ba. In an gama in goga mata goro a magogi, tunda haƙoran sun tafi.

Magani ne ke cinye asusun. Kyautar magani da aka fara a 2006 ta yara ƴan ƙasa da shekara 5 ce da masu tiyatar haihuwa, maganin hawan jini kuwa na kullum ne, ba a ajiye shi don an ji sauƙi.

Kwanan baya ɗan Innar da ba ta juyawa ya kira ta WhatsApp daga Abijan, yana tambayar jikka nawa zai aiko. Na ce ya aiko abin da ya samu, amma ya roƙi matarsa ta riƙa karɓata daren Alhamis in je in ga tawa uwar. Ya yi shiru, ya ce zai yi mata magana. Ta zo makon jiya da goyonta, na nuna mata yadda ake sa hannu ɗaya a kafaɗa ɗaya a ƙugu. Da na dawo da safe ta ce sau ɗaya barci ya sace ta, kuma surukar ce ta tashe ta.