Dare huɗu ina bin sawun M83

'Yan'uwa masu koyon ɗaukar hoton sararin samaniya, ga inda na kai da M83, wani galaksi (wato babban tarin taurari biliyoyi) mai hannuwa a murɗe da ke cikin rukunin taurarin Haidira, a sararin kudu. Haskensa yakan yi tafiyar shekara kusan miliyan 15 kafin ya iso gare mu. Masanin taurari Nicolas-Louis de Lacaille ne ya fara gano shi a 1752 daga Afirka ta Kudu, sannan wani masanin, Charles Messier, ya sa shi cikin jerinsa na abubuwan sararin samaniya a 1781.

Daren farko nema kawai na yi. Na tashi daga tauraron Spica, na gangara kudu kimanin digiri 19, sai ga wani ɗan farin tabo mai haske a tsakiya, babu alamar hannu ko ɗaya. Raina ya ɗan sosu, domin littafi ya ce girman haskensa 7.5 ne a ma'aunin hasken taurari (inda ƙaramar lamba ke nufin haske mai yawa), na ɗauka zai fito tangaran. Daga baya na fahimci dalili: galaksin yana fuskantarmu kai tsaye, don haka haskensa ya bazu a faɗi, kuma duk hazon da ke kusa da ƙasa yana cinye gefunansa.

Dare na biyu ya tafi a banza, kuma laifina ne, saboda ban daidaita na'urar bin juyawar sama da kyau ba, taurari suka fito da jela.

A dare biyun ƙarshe na jira duhun wata, na kuma bari galaksin ya kai ƙololuwar hawansa kafin na soma. Na ɗauki hotuna 90 na daƙiƙa 60 kowanne, na zubar da 23 da iska ta girgiza, sauran na ɗora su kan juna a kwamfuta. A nan ne sandar da ta ratsa tsakiyarsa ta bayyana, hannuwa suka fara fitowa daga bakinta biyu, har na ga 'yan ɗigo-ɗigo masu ja-ja, wato gajimaren haidirojin inda sababbin taurari ke samuwa. Tsakiyar kuwa ta ƙone fari fat, wanda a ganina shi ne babban aibin hoton.

An taɓa ganin fashewar tauraro sau shida a M83 tsakanin 1923 da 1983, shi ya sa nake ajiye kowane hoto da kwanan watansa don kwatantawa. Zagaye na gaba zan haɗa da gajerun hotuna na daƙiƙa 15, ko tsakiyar ta tsira.