Haruffa uku a takardar gwaji

Ɗazu ƙanena ya dawo daga gwajin fitsari da aka ce sai ya yi kafin a ɗauke shi aikin tuƙi. Umma ta karɓi takardar, ta gyara tabarau tana bin layi-layi da yatsa, har ta tsaya a kan THC. "Wannan kuma wace cuta ce?" Na ce ba cuta ba ce Umma, sinadarin da ke sa maye ne a cikin tabar wiwi, cikakken sunansa tetrahydrocannabinol. Kalmar wiwi kawai ta ji. Nan take fuskarta ta sauya, ta bi yaron da wani irin kallo, shi kuwa sai rantse-rantse yake alhali sakamakon ya nuna babu komai a jikinsa. Da ƙyar na fahimtar da ita cewa jerin abubuwan da aka duba ne, ba waɗanda aka samu ba.

Ganyen na ɗauke da sinadarai masu yawa, har da CBD da ba ya bugarwa, amma THC masu gwaji ke farauta. Tun 1964 masanin kimiyya Raphael Mechoulam da abokin aikinsa suka ware shi a Isra'ila. Yana maƙalewa a kitsen jiki, shi ya sa mai sha kullum zai iya daina sha har makonni gwaji na kama shi. Umma dai ta sa masa albarka, amma takardar ba ta mayar masa ba. Ina jin sai ta nuna wa wani ya sake karanta mata tukuna hankalinta zai kwanta.