Izgar da ta ci amanata a Legas

Wai dan Allah wa ya taɓa faɗa muku cewa iskar Legas kaɗai ta isa ta kayar da mutum a gasa? Ni dai ba wanda ya faɗa min, shi ya sa har yau abin yake min ciwo.

Gogen Turawa nake kaɗawa, a coci na koya a Jos, kuma tun da na kalli yadda Sheku Kanneh-Mason ya lashe gasar matasan makaɗa ta BBC Young Musician a 2016 yana ɗan shekara 17 na ce ni ma sai na tsaya gaban alƙalai. Da aka buɗe wata gasar matasa a Legas na tura bidiyo, aka ɗauke ni, wannan ɓangaren ba wahala. Kiɗan Bach na shirya da konshato na 3 na Mozart, wato kiɗan goge mai rakiyar wasu kayan kiɗa, na haddace su har cikin barci.

To ga inda gizo ke saƙa. Da hunturu aka sa min sabuwar izga a sandar gogen, daidai wa daida da bushewar Jos, ashe gashin doki in ya sha laima miƙewa yake, muna sauka Legas na buɗe akwati na murɗa kusar da ke ɗame izgar har ƙarshe amma izgar nan lakwas, katako na taɓa tsirkiya. Na ƙara ƙaro, ban da ƙura ba abin da ya ƙaru. Makunnan da ake ɗaure tsirkiya ma sun kumbura sun ƙi juyawa, amma wannan da sauƙi, izgar ce ta kashe ni.

Bach ya wuce lafiya tunda a hankali na ja shi. Mozart kuwa akwai wuraren da dole sanda ta riƙa tsalle a kan tsirkiya, tawa sai jan ƙafa take, mai fiyano na waigowa yana kallona. Yaran da suka yi karatu a makarantar kiɗa ta MUSON can Onikan a Legas ko a jikinsu, kayansu sun saba da garin, kuma na ga wasu da sanda biyu a akwati. Wata daga cikinsu bayan na sauko ta ce da na yi magana da ta ara min tata. Bayan na sauko fa!

Na tsaya a zagaye na biyu. A takardar alƙalai an yaba kunnena da yadda nake fitar da jimla, sai aka ce hannun damana mai riƙe sanda ba ƙarfi, hannun da na fi wahala a kansa, kuma ba ka da bakin cewa laifin iska ne.

In daga Arewa za ka sauka, ka ce wa mai sa izga ya rage tsawonta kaɗan saboda bakin teku za ka, ka isa da wuri kayan su sha iskar garin, kuma ko ta aro ce ka riƙe sanda ta biyu. Da na dawo Jos kafin a kwana biyu izgar ta koma ɗam kamar ba ita ba, saura kaɗan ta karya min sanda.